Yadda za ka sa 'yan duba gari su zo su duba matsalar unguwarku

Akwai wani ofishi a sakatariyar ƙaramar hukuma wanda yawancinmu ba mu san ƙofarsa ba sai ranar da aka zo aka manna mana takarda a bango. Ofishin tsaftar muhalli kenan, yana ƙarƙashin sashen lafiya, nan ma'aikatan da muke ce wa duba gari suke zama. Mutane sun ɗauke su a matsayin masu zuwa cin tara kawai, da an hango su sai kowa ya hau share ƙofar gida, alhali kai ma kana da damar kiransu su zo su yi maka aiki, kuma ba alfarma ba ce, albashin wannan aikin suke karɓa duk wata. Matsalar dai ita ce ba mu iya kai ƙorafi ba. Sai mu zauna muna ta mita a bakin layi shekara guda, sokawen maƙwabci na malala, kowa na toshe hanci yana wucewa, babu wanda ya taka ya je ya rubuta ko layi ɗaya.

Kafin ka ɓata lokacinka fara sanin ko matsalar taka tasu ce. Duk abin da ya shafi ruwan sha, masai da sokawe, kwata da ta toshe, bola da ta zama dutse, wuraren dafa abinci da sayar da shi, mahauta, ɓeraye da sauro da ƙuda, mushen dabba da aka yar a hanya, hayaƙin ƙona shara ko taya, ƙarar inji ko janareta da ta hana mutane barci, gidan haya da aka cusa mutane babu isasshen banɗaki, duk wannan hurumin su ne. Rigimar iyakar fili ko kuɗin haya kuwa ba tasu ba ce, kuma su ba sa ba da magani, in wani ba shi da lafiya asibiti za a kai shi, su nasu shi ne gano abin da ya kawo ciwon su toshe shi. Rabon aikin yakan bambanta daga wuri zuwa wuri, a wani gari kwashe shara na wata hukuma ce daban, to ko da ka je suka ce ba nasu ba ne kar ka juya haka nan, ka ce su faɗa maka sunan ofishin da ke da alhakin.

In matsalar daga gidan wani take fitowa, don Allah fara yi masa magana tukuna. Na sha ganin mutum bai ma san bututun banɗakinsa ya fashe ta bayan katanga ba, shi ta gaba yake shiga yake fita. Ka same shi kai kaɗai, ba a gaban jama'a ba, ka nuna masa da idonsa, ka ba shi 'yan kwanaki. Ko bai gyara ba ka ci riba, domin tambayar farko da jami'i zai yi maka ita ce "ka yi masa magana?" kuma yana da kyau a ce kana da amsa har da ranar da kuka yi maganar.

Daga nan sai tara hujja, kuma a nan ne yawancin ƙorafi ke mutuwa. Wari ba ya fitowa a hoto, ƙara ba ta jiran jami'i, ranar da zai zo duba janaretan nan ranar ne za a kawo wuta a kashe shi. Saboda haka ka samu ɗan littafi ko ka buɗe wuri a wayarka ka riƙa rubutawa: ranar kaza, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, ga abin da ya faru. Mako ɗaya ko biyu ya isa. Ka ɗauki hoto da bidiyo daga inda kake da ikon tsayawa, wato daga gidanka ko daga kan titi, kar ka haura katangar mutane da sunan neman hujja, sai reshe ya juye da mujiya. Hoton kuma ya nuna wurin da za a iya ganewa, ba ka danno kamara cikin ƙazanta kawai ba wanda zai iya zama ko'ina a duniya.

Sai rubuta takarda. Ba sai ta yi tsawo ba, shafi ɗaya ma ya wadatar, amma akwai dabara a ciki. Su waɗannan ma'aikata doka ta ba su iko ne a kan abin da ke barazana ga lafiyar jama'a, ba a kan abin da ya ɓata maka rai ba, to ka yi musu magana da yaren da zai ba su damar motsawa. In ka rubuta "maƙwabcina ƙazami ne ba ya jin magana" babu abin da za su yi da wannan. Amma in ka ce ruwan sokawe na fita daga gida mai lamba kaza tun makonni uku, yana kwanciya taku goma daga rijiyar da gidaje takwas ke ɗiba, yara na wasa a wurin, kuma yara biyu sun yi gudawa a makon nan, to wannan takarda ce da jami'i ba zai so a same ta kwance a teburinsa ba in wani abu ya faru. Ka sa kwatancen wurin yadda baƙo zai gane, ka sa lambar wayarka, ka faɗi lokacin da ya fi dacewa a zo a gani da ido. In za ka samu maƙwabta uku ko huɗu su sa hannu ya fi, ƙorafin mutum ɗaya ana iya cewa gaba ce tsakaninsa da wane, na mutum biyar kuwa da wuya.

Ka yi kwafi biyu. Ɗaya ka miƙa, ɗayan a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata ka koma da shi gida. Wallahi wannan ɗan hatimin shi ne rabin aikin, domin ranar da ka dawo aka ce "ba mu ga takardarka ba" shi za ka zaro. In ta waya ko ta intanet suke karɓa, ka nemi lambar ƙorafin ka adana. Ka tambayi sunan jami'in da ke kula da yankinku da kuma kwana nawa suke ɗauka kafin su fita. In kana tsoron rigima ka gaya musu a fili cewa ba ka so a ambaci sunanka ga wanda ka kai ƙara, amma su dai ka ba su sunan, takardar da ba suna ba waya ita ce ta farko da ake turawa ƙasan fayil.

Abin da ke biyo baya yawanci iri ɗaya ne. Jami'i zai zo ya duba, in ya tabbatar akwai matsala zai yi gargaɗi da baki ko ya ba da notis a rubuce mai wa'adi, a gyara kaza cikin kwana kaza. In wa'adin ya cika ba a gyara ba sai maganar ta tafi kotu ko a ci tara, wurin sana'a kuma ana iya rufe shi. To kai kar ka zaci ranar farko za a zo a kama mutum, ba haka tsarin yake ba, kuma da kai ne aka kai ƙara ba za ka so a yi maka haka ba. Abin da za ka riƙe shi ne ranar da wa'adin zai ƙare, washegari ka leƙa ofishin ka ce ga shi fa har yanzu yana nan. In an yi maka shiru har mako biyu, ka rubuta ta biyu zuwa ga shugaban sashen lafiya ka manna kwafin ta farko mai hatimi, ka ba kansilan mazaɓarku kwafi shi ma.

Bari in ɗan tsaya a kan ruwa domin nan ne ido ya fi yaudarar mutane. Ruwa zai iya zama garau kamar hawaye, ba wari ba ɗanɗano, amma cike da ƙwayoyin cutar da suka fito daga bayan gida. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, kuma wannan sai ɗakin gwaji ne zai faɗa. In kana zargin rijiyarku ko burtsatse, ka nemi su zo su ɗebi samfuri da kansu, kar ka ɗuro a tsohuwar robar ruwa ka kai musu, kwalbar gwaji daban ce, an kashe ƙwayoyin cikinta, ana sa ta cikin sanyi kuma a kai ta cikin 'yan sa'o'i, in ta kwana a zafi sakamakon ya zama shirme. Ka kuma nemi a ba ka sakamakon a rubuce. Kafin ya fito ku riƙa tafasa ruwan ya yi ɓul-ɓul sosai na minti ɗaya aƙalla, ko ku sa maganin kulorin daidai yadda aka rubuta a jikinsa ku bar shi minti 30 kafin a sha. Wanda kuma yake shirin haƙa sabuwar rijiya ko sabon masai, ya kira su tun kafin a sa diga a ƙasa, ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne tazarar mita 30 aƙalla tsakanin ramin masai da rijiya, kuma rijiyar ta zama ta sama in filin gangare ne. Na san a ƙaramin fili wannan tazara wuya take, shi ya sa ma ake son a yi shawara da wuri, akwai yadda ake gina ramin da siminti ya rage haɗarin, amma bayan an gama gini sai dai a yi ta da-na-sani.

Sauro kuma, kowa feshi yake nema. Feshin zai kashe manyan da ke yawo yau, amma daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana bakwai zuwa goma ne kawai a lokacin zafi, in kwatar na nan a toshe da tsofaffin tayoyi cike da ruwa, mako mai zuwa sabbi sun fito. Ka sa a takardarka inda ruwan yake kwanciya, shi ne abin gyara.

Akwai lokacin da ba a tsayawa rubuta wasiƙa. In mutane da yawa a layi ɗaya suka kama amai da gudawa a kwana ɗaya ko biyu, musamman zawo mai ruwa-ruwa kamar ruwan wankin hatsi, a fara ba su ruwan gishiri da sukari a garzaya da su asibiti, sannan wani ya kira sashen lafiya a ranar, ba gobe ba. Wannan na iya zama kwalara, ita kuwa tana iya bayyana daga sa'o'i 12 zuwa kwana biyar bayan an sha ko an ci abin da ke ɗauke da ita, kuma tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i in jikinsa ya bushe. Za su yi ta tambayoyi, ina kuke ɗibar ruwa, me kuka ci, a ina, wa ya fara, kar ka gaji da amsawa. Da irin waɗannan tambayoyi ne wani likita John Snow ya gano tushen annobar da ta kashe sama da mutum 600 a unguwar Soho ta Landan a 1854, ya bi gida-gida yana rubuta inda aka mutu, ya ga kusan duk sun kewaye famfo ɗaya a titin Broad Street, ya sa hukumar yankin ta cire hannun famfon, daga baya aka gano akwai tsohon ramin masai dab da rijiyar. Haka in abinci kuke zargi, kar a zubar da ragowar, a ƙulle ta a sa a firij, a rubuta sunayen duk waɗanda suka ci har da waɗanda ba su kamu ba, kuma kar ka yi saurin ɗora laifi a kan abin da ka ci ƙarshe, wani lokaci na shekaranjiya ne ya yi aikin.

Yanzu ta ɗaya ɓangaren, in kai ne za a duba. Mai shirin buɗe wurin abinci ya je wurinsu tun kafin ya buga allo, ba a fafe gora ranar tafiya, ka tambayi irin izinin da ake buƙata da gwajin lafiyar da ake yi wa ma'aikata. Abubuwan da za su duba ba ɓoyayyu ba ne: wurin wanke hannu da sabulu, nisan banɗaki da madafa, kwandon shara mai murfi, raba ɗanye da dafaffe har wuƙa da katakon yanka, alamar kashin ɓera a sito. Sai zafi da sanyi, abin sanyi ya zauna ƙasa da digiri 5, mai zafi sama da digiri 60, tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa, dafaffen abinci kuma kada ya wuce sa'a biyu a ajiye haka kawai. Wannan ba fitina ba ce suka ƙirƙira, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, kimanin 420,000 kuma na mutuwa.

In sun ƙwanƙwasa maka ƙofa ka nemi katin shaida cikin ladabi, akwai masu sojan gona. Ka bi su a baya duk inda suka shiga, ka saurara, ka tambayi me ake so ka gyara da kuma zuwa yaushe, a rubuta maka. In ka ga wa'adin ya yi maka kaɗan, ka je ofis ka nemi ƙari kafin ya cika, ka nuna musu ka fara aikin, yawanci suna saurara. In tara ce a biya inda doka ta ce a karɓi rasit. Wanda ya ce ka "ga wani abu" a rufe maganar, ka ce masa takarda kake so, ka riƙe sunansa da ranar, in ya matsa ka kai wa shugaban sashen da irin takardar nan mai kwafi biyu.