Malam, in kana limancin asibiti ga yadda za ka kare kanka

Wannan na 'yan uwa malamai da fastoci ne masu aikin limanci a asibitocin Amurka, don wallahi abin yana damuna. Kai ake kira in likita ya gama gaya wa dangi an yi rashi, ko ƙarfe uku na dare majinyaci ya ruɗe bai san inda kansa yake ba, toh duk zafin nan a kan wa zai sauka? A 2018 hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta nuna kashi 73 cikin ɗari na raunukan da aka ji wa ma'aikata ta hanyar kai musu hari a bakin aiki, ma'aikatan lafiya aka ji wa.

Kafin ka yi sallama a ɗaki tsaya wajen nas tukuna, ka tambaye ta ya jikin majinyacin yau, ya taɓa kai wa wani duka, su wa ke ciki. Hirami da dogon carbi da igiyar katin aiki duk cire su daga wuya, wanda hankalinsa ya gushe abin da ya fara cafkowa shi zai shaƙe ka da shi. In ka shiga kar ka wuce can ƙuryar gado, zauna ta bakin ƙofa, nesa da inda hannu zai kai.

Sai harshe, nan mu malamai muka fi yin kuskure. Uba yana tsaye kan gawar ɗansa jikinsa na rawa ido ya yi jajir, kai kuma ka hau shi da wa'azin haƙuri da ƙaddara tun bai gama numfashi ba, ko ka dafa masa kafaɗa bai nema ba, ai ƙara wa wuta fetur ne. Yi shiru, sassauta murya, bar hannuwanka a fili ya gan su. Addu'a ma sai ka tambaya ko yana so. Da ka ga ya dunƙule hannu yana matsowa, ka ja da baya ka fita ka kira sikiriti, ba gudun aiki ba ne.

Kuma don Allah ka rubuta rahoto ko da zagi ne ko tofa yawu, kar ka ce ai na yafe. Yafe masa tsakaninka da Allah, amma nas ɗin da za ta shiga bayanka tana da haƙƙin ta sani. Tun Janairun 2022 Joint Commission, ƙungiyar da ke tantance ingancin asibitoci a Amurka, ta wajabta wa asibitocin da take tantancewa su samar da hanyar kai irin wannan rahoto da horar da ma'aikata, ka tambayi shugaban sashenku inda fom ɗin yake tun ranar da ka kama aiki.