Yadda Ake Bibiyar Tauraruwa Mai Wutsiya Daga Daura

Wanda yake son bin tafiyar tauraruwa mai wutsiya ya fara da zaɓen dare mara farin wata, ya fita bayan gari inda fitilu ba su kai ba. A Daura, hazon hunturu ne babban cikas, shi ya sa na fi son ƙarshen damina, bayan ruwa ya wanke sama.

Sauke manhajar Stellarium a wayarka, ka saka Daura, wadda take wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, domin ta nuna maka inda za ka duba. Ka ba idanunka minti 20 su saba da duhu kafin ka ɗauki madubin hangen nesa. Idan ka ga tauraruwar mai wutsiya, miƙe hannunka ka dunƙule shi, domin faɗin dunƙulen ya kai kimanin digiri 10. Da shi za ka auna tazararta daga Kaza da 'Ya'yanta ko wata tauraruwa sananniya, ka rubuta tare da kwanan wata da lokaci. Bayan 'yan kwanaki, rubutun zai nuna maka hanyar da take bi.

Ma'aunin haske kuwa, wato lambar da ake ba kowace tauraruwa gwargwadon haskenta, a juye yake: ƙaramar lamba ita ce mai haske, kuma ido kaɗai ba ya ganin wadda lambarta ta wuce 6. Kwatanta hasken mai wutsiyar da na taurarin da ke kusa. Haskenta yakan ƙaru idan ta matso rana, wutsiyarta kuma kullum tana ba rana baya. Tauraruwa mai wutsiya da ake kira Halley, mai zagaye rana cikin kusan shekara 76, ta bayyana a 1986, sai kuma 2061.