Yadda Kwamitin Makabarta Zai Tattala Fili a Legas

Jihar Legas ta fi kowace jiha ƙarancin ƙasa a Nijeriya, kuma tsofaffin makabartunta, irin su Atan da ke Yaba, wadda ake binne mutane a cikinta tun 1868, da ta Ikoyi da ta Matori, duk gari ya zagaye su, babu gefen da za su faɗaɗa. Saboda haka wajibi ne kwamitocin jana'iza na Hausawan Agege da Idi-Araba da Mile 12 su fara da tattalin filin da ke hannu.

Aikin farko shi ne a ja igiya, a kafa turaku, a raba makabarta layi-layi, sannan a buɗe littafin da za a riƙa rubuta sunan mamaci da ranar binne shi da lambar layinsa. Inda babu wannan littafi, mai haƙa yakan dogara da abin da ya tuna, sai rami ya kai gwiwa ya ci karo da likkafanin da bai ruɓe ba, ya mayar da ƙasa ya koma gefe, a yi asarar wuri kuma a keta alfarmar mamaci.

Siminti ne babban mai cinye fili. Malaman Malikiyya sun karhanta gini a kan kabari, kuma a ganina bai kamata kwamiti ya ɗaga wa kowa ƙafa a nan ba, komai matsayinsa, domin kabarin da aka ɗaure da bulo ya fita daga lissafi har abada. Ɗan tudun ƙasa da alamar dutse sun wadatar. Batun komawa tsofaffin layuka kuwa, sai malamai da dattawan masu haƙa sun zauna sun tabbatar gawa ta zama ƙasa. Haɗa mamata a kabari ɗaya ma yana da asali idan lalura ta kai, domin Annabi (SAW) ya yi hakan da shahidan Uhudu.

Duk da haka, sayen sabon fili ba makawa, ko a wajen Ikorodu da Epe da Badagry, ko a cikin Jihar Ogun. A je duba shi a watan Yuni, lokacin da damina ta kankama, a haƙa rami na gwaji a ga ko ruwa zai tsattsafo. A nemi yardar ƙaramar hukuma, wadda Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa kula da makabartu, da amincewar gwamna bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Takardu su fito da sunan amintattun al'umma masu rajista, a matsayin waƙafi, don kada magadan wani su taso daga baya. Da an biya kuɗi a zagaye filin da katanga saboda 'yan omo-onile, wato masu mamaye filaye da sunan ƙasar kakanninsu ce, kuma a ware wani kaso na karo-karon masallatai don motar ɗaukar gawa da man da za ta sha.