Yadda za ka bi diddigin wutar cek injin bayan canza famfon mai

Maƙwabcina a Agege ya canza wa Corolla ɗinsa famfon mai ranar Asabar. Bai kai Oshodi ba wutar cek injin ta kama. Har ya ɗauki hanyar kasuwar kayan mota ta Ladipo zai sayo wani famfon, na ce, "Alhaji, dakata tukuna." Sau da yawa matsalar daga wajen ɗaurin take, kayan lafiyarsu ƙalau.

Fara da kallon wutar. In tana ƙiftawa kuma motar na karkarwa, faka ka kashe, ko da a tsakiyar gosulo kake. Ɗanyen mai ne ke gangarawa salansa, zai ƙone katalis, matatar hayaƙin da makanikai ke kira indomi, ita kuwa tsada gare ta. In wutar a tsaye take, kana iya lallaɓawa zuwa gareji.

Sai marfin tanki. Murɗa shi har ya yi ƙas-ƙas. Sannan juya makulli ba tare da ka tayar ba, ka kasa kunne wajen kujerar baya: a motoci da yawa famfo mai lafiya yana gurnani na kamar daƙiƙa 2 ya yi shiru. Ɗaga kujerar ka shinshina. Warin fetur na nufin robar bakin famfon ba ta zauna ba, ko tiyo bai shiga sosai ba. Taɓa soket ɗin ma ka ji ko ya kama.

Don Allah kada ka bari a cire kan batir don wutar ta mutu, wannan rufe tukunya ne da wuta a ƙasa. A jona sikana, na'urar da ke karanto matsalar mota, a soket mai baki 16 da ke ƙasan sitiyari; duk tokumbon Amurka daga 1996 tana da shi. Rubuta lambar matsalar da ta nuna kafin a goge. P0455 iskar tanki ce ke zurarewa, P0171 iska ta rinjayi mai, P0087 ƙarfin turo mai ya yi ƙasa. Wannan ta ƙarshen ce za ta fi sa in yi zargin famfon jabu ne, shi ma sai an auna da geji an duba filta.

Ta Alhaji P0455 ta nuna. Da makaniken ya buɗe, robar ce ta naɗe a gefe ɗaya. Aka zaunar da ita, aka goge lambar, ya yi kwana 3 yana zirga-zirgar Ikeja wutar ba ta dawo ba.