Kurakuran da ake yi kan nauyin mace kafin ta ɗauki ciki

A unguwanninmu na Garwa da Marwa, in amarya ta yi wata shida a ɗakinta ba ta murje ba, sai a fara gunaguni, wai ko mijin ba ya ciyar da ita. Kafin ka ce kwabo, wata ƙawa ta miƙo mata ƙwayoyin sa ƙiba na masu tallan magani, irin waɗanda ake kira "sha ka fashe". Galibi dexamethasone ne ko cyproheptadine. Na farkon yana tara ruwa a jiki, fuska ta kumbura ta yi tumbir, suga da jini su hau. A haka yarinya za ta shiga cikin fari, ana taya ta murnar ta samu hutu. Wannan ne kuskuren da ya fi ci min rai. 'Yar uwa, in kin daɗe kina sha, kada ki yanke rana ɗaya, yin haka ma haɗari ne. Ɗauki kwalin ki kai wa likita ya rage miki sannu a hankali.

Yawancinmu kuma ba ma hawa sikeli sai ranar awon farko, ciki ya kai wata huɗu ko biyar. An makara. Nauyin da mace ta shiga ciki da shi yana da tasiri har zuwa ranar haihuwa. Ma'aikatan lafiya na haɗa nauyi da tsawo su fitar da lamba: ƙasa da 18.5 rama ce, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma ƙiba ce mai haɗari. Mace mai tsawon mita 1.60, kilo 48 zuwa 63 ne daidai da ita. In ta kai kilo 80, ta fi zama cikin barazanar ciwon suga na masu ciki, hawan jini mai kai wa ga jijjiga, da jariri da ya haura kilo 4 har sai an yi mata aiki. Rage kilo 4 zuwa 8 kafin ciki ya shiga na taimakawa sosai, har al'adar da ta rikice takan daidaita. A fara da rage sukarin shayi, lemon kwalba da fanke, a riƙa tattaki. Amma in ciki ya riga ya shiga, ba lokacin horon yunwa ba ne. Mai ƙiba ma ana so ta ƙara kilo 5 zuwa 9.

Rama kuwa ba a cika kallonta a matsayin matsala ba, sai a ce "haka jikinta yake". Ku dubi matar da ke goyon ɗan wata takwas, ga aikin gona da damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ita ce ƙarshen cin tuwo, sai ga kwanika. Jikin bai maido jinin da ya zubar ba. Irin wannan cikin ya fi zama cikin haɗarin ƙarewa da bakwaini, ko jariri da bai kai kilo 2.5 ba. Wasu har rage ci suke yi da gangan don ɗan ya fito ƙarami, haihuwa ta zo da sauƙi. Wallahi wahalar rainon ƙaramin jariri ta fi wadda ake gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. A wannan tsakani wake, gyaɗa, ƙwai, zogale da kifin Lagdo su shiga tukunya, kuma maigida ya tabbatar rabonta ya kai bakinta. In ciki ya shiga, ramammiya na bukatar ƙarin kilo 12.5 zuwa 18 kafin ta sauka.

Sai maganar ƙwayar bitamin ta folik asid, da ake jira sai ungozoma ta bayar a wurin awo. Lakar bayan jariri da ƙwaƙwalwarsa kan fara haɗuwa cikin kwana 28 na farko, tun uwar ba ta san ta yi ɓatan wata ba. Duk mai neman haihuwa ta fara shan maikrogiram 400 kullum tun kafin ciki. Mai ƙiba sosai ko mai ciwon suga ta gaya wa likita, domin akan ƙara mata adadin.