Yadda ake sabunta jerin dubawa a manhajar kula da jirage marasa matuƙa

A ranar 30 ga Oktoba 1935, jirgin gwaji na Boeing Model 299 ya faɗi jim kaɗan da tashinsa a filin Wright da ke jihar Ohio ta Amurka. Jirgin lafiyarsa ƙalau, matuƙan ƙwararru ne. Mantawa kawai aka yi ba a cire makullin da ke riƙe sitiyarinsa ba. Daga nan aka soma rubuta wa matuƙa jerin abubuwan dubawa kafin tashi. Masu jirage marasa matuƙa sun gaji wannan al'ada, sai dai nasu jerin yana cikin manhaja irin su AirData ko DroneLogbook. Abin da ke damuna shi ne, jerin da ya dace bara yana iya tsufa bana, matuƙi kuwa ya ci gaba da danna alama yana zaton ya gama.

Kafin ka taɓa komai, tattara abin da ya canza. Buɗe bayanan tashi na watannin baya ka ga inda aka yi tuntuɓe: batir da ya yi zafi, sigina da ta yanke, saukar gaggawa. Duba ko an kawo sabon jirgi ko sabuwar kyamara, ko doka ta sauya. A Amurka, alal misali, hukumar kula da sufurin jiragen sama, FAA, ta soma tilasta dokar Remote ID, wadda ta ce jirgi ya riƙa watsa shaidarsa yana sama, gadan-gadan daga 16 ga Maris 2024, don haka jerin da bai tambayi ko jirgi yana watsa shaidarsa ba ya zama tsohon yayi.

Sannan shiga sashen jerin dubawa ka kwafi wanda ake amfani da shi. Kada ka gyara na ainihin kai tsaye, domin wataƙila wani yana fili yana aiki da shi. Ba wa kwafin lamba da kwanan wata.

Yanzu ne aikin yake. Kowane layi ya tambayi abu ɗaya tak, wanda ido zai gani ko hannu ya taɓa. "A duba batir" ba tambaya ba ce. Rubuta: "Batir ya kumbura?" Sai layi na gaba ya nemi a shigar da adadin caji. Batirin lithium nau'in LiPo cikakke yana kan bolt 4.2 a kowane gida, wato kowane sel na cikinsa, kuma idan gida ɗaya ya bambanta da sauran sosai, wannan batir ba na tashi ba ne. Haka farfela: a shafa gefenta da yatsa, tsaga ko ƙanƙanuwa ce a canza. Wanda na fi matsa wa mutane a kai shi ne tsayin komawa gida, wato tsayin da jirgi zai hau in zai koma inda ya tashi da kansa. Sabunta manhajar cikin jirgi na iya mayar da wannan saiti yadda kamfani ya sa shi, sigina na yankewa jirgin ya nufo gida ya ci karo da bishiya ko turken waya. Sa matuƙi ya rubuta adadin mitocin da hannunsa, ka kuma mai da layin dole, yadda manhajar ba za ta bari a tsallake shi ba. Iyakar tsayi ma haka: mita 120 a Tarayyar Turai, ƙafa 400 a Amurka.

Jera layukan yadda aiki yake tafiya, daga buɗe akwati zuwa kunna rimot, zuwa jiran taurarin GPS. Kuma ka rage. Duk layin da ka ƙara, nemi wanda za ka cire, don jeri in ya yi tsawo ba a karanta shi.

Fita fili da matuƙin da ba shi ya rubuta ba, ka bar shi ya bi jerin yana faɗa da baki. Inda ya tsaya yana tambayar me ake nufi, gyara wurin.

In jerin ya gamsar, haɗa shi da jiragen da ya shafa, ka ajiye tsohon a rumbu maimakon gogewa, saboda bayanan tashin baya suna jingine da shi. Gaya wa matuƙa abin da ya canza da dalilinsa, kowa kuma ya buɗe manhajarsa a inda akwai intanet ya tabbatar sabuwar lambar ce ta bayyana kafin ya kama hanyar fili.