Kafin ka sayi hita, toshe kafar iska

Jama'a, mai gyaran tsohon gida a cikin gari, ka fara da silin da tagogin arewa da gabas. Ta nan iskar hunturu take shigowa daga Disamba zuwa Fabrairu.

Katangar ƙasa mai kauri kada ka rushe ta. Tana shan rana, da dare ta saki ɗumi. Kwano ne ke zubar da shi. A gidanmu na Yakasai, da kafinta ya sa silin ya liƙe bakin taga, Hajiya ta daina kwana da bargo biyu.

Amma fa in kaskon gawayi kake sawa, kada ka rufe ɗaki ruf. Iskar gubar da yake fitarwa ba ta wari, kuma tana kisa. Ka fitar da kaskon kafin barci.